Babi na Uku: Me Ya Sa Yaro Ke Kai Aji Huɗu Bai Iya Karatu Ba?

Tambaya ce da ake ji a zaure, a bakin masallaci bayan la'asar, da wurin taron iyaye da malamai. Yaya aka yi yaro ya shekara huɗu yana sa kayan makaranta kowace safiya, yana cika littafi da rubutu, amma in aka miƙa masa takardar asibiti ko saƙon waya ya karanta wa kakarsa sai ya yi tsuru-tsuru? Iyaye a Liman Abaji, ɗaya daga cikin mazaɓun garin Keffi, suna yin wannan tambaya kamar yadda iyayen Fagge a Kano da na Tudun Wada a Zariya suke yin ta. Amsar da aka saba bayarwa ba ta wuce uku: malamai ba sa shiga aji, gwamnati ta yi watsi da firamare, ko kuma yaron ne ba shi da kai. Biyun farko akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu a wurare da yawa. Ta ukun kuwa zalunci ce. Yaron da ya haddace izu biyu, wanda in an aike shi kasuwa da naira dubu ba a cutarsa a canji, wanda ke jin harshe biyu ko uku a layinsu, ba a ce masa marar kai.

Abin da nake son nunawa a wannan babi shi ne cewa akwai dalili na huɗu, wanda ya fi sauran kusa da hannunmu. Karatu sana'a ce mai matakai, daga sauti zuwa harafi, daga harafi zuwa gaɓa, daga gaɓa zuwa kalma da jimla. Makarantunmu da yawa suna tsallake waɗannan matakai, kuma suna yin tsallaken ne da harshen da yaron bai ji. Ko malam yana zuwa kullum, ko an yi wa ajin sabon rufi, in ba a bi matakan ba yaro zai fita kamar yadda ya shiga.

Abin da ke faruwa a aji

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan tagar ajin farko da hantsi ya san muryar. Malama ta rubuta jimla da Turanci a allo, ta nuna da sanda, ta faɗa, yara su amsa gaba ɗaya da ƙarfi. Ta maimaita, su maimaita. Bayan an yi haka sau goma sai a ce kowa ya fito da littafi ya kwafe. Daga waje abin yana kama da karatu, kuma shi ya sa yake daɗewa ba a gane ba. Yara biyar da ke gaba su ne ke jan baki, sauran suna bin sautinsu ne, idanunsu ma ba a kan allon suke ba. Kwafar kuwa zane ce: yaro yana zana siffar da ya gani kamar yadda zai zana mota, bai san cewa kowace siffa tana ɗauke da sauti ba. A ƙarshen zango ya rubuta jarrabawar da aka riga aka haddace amsarta, a ba shi sakamako, ya wuce aji na gaba.

Ba hasashe ba ne wannan. Tun daga 2011 aka riƙa yin gwaji a jihohin Sakkwato da Bauchi, inda ake zaunar da ɗalibin aji biyu ko uku shi kaɗai, a ba shi gajeren labari da Hausa, a ce ya karanta a minti ɗaya. Mafi yawan yaran da aka gwada ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Bankin Duniya kuma, a rahotonsa na 2022, ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara kusan yara 9 cikin 10 masu shekara goma ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. Ba mu kaɗai ba ne ke nan, amma wannan ba abin lallashin zuciya ba ne, musamman a gari kamar Keffi, inda Kwalejin Gwamnati da aka kafa a 1949 take, inda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi sakandare, inda kuma Jami'ar Jihar Nasarawa ke yaye malamai kowace shekara. Garin da ke da wannan tarihi bai kamata a ce ɗansa na aji huɗu yana kallon takarda kamar bango ba.

Magana ana tsintarta, karatu sai an koyar

Kuskuren da ke ƙarƙashin wannan koyarwa shi ne zaton cewa yaro zai tsinci karatu kamar yadda ya tsinci magana. Jariri ba wanda ke zaunar da shi ya koya masa Hausa. Yana ji a bayan uwarsa, yana kwaikwayo, kafin ya cika shekara uku bakinsa ya buɗe. Rubutu ba haka yake ba. Ɗan Adam ya ƙirƙiro shi ne shekaru kamar 5,000 da suka wuce, kuma yarjejeniya ce kawai: mun amince wannan alama ta tsaya a madadin wannan sauti. Yarjejeniya kuwa ba a gane ta da kallo, sai an faɗa wa mutum. Akwai 'yan yara ƙalilan da ke gano sirrin da kansu, galibi waɗanda ake karanta wa littafi a gida, kuma su ne ke sa malam ya ɗauka hanyarsa tana aiki. Sauran suna jiran a gaya musu, ba a gaya musu ba.

Dubi yadda tela ke yi da yaron da aka kawo masa koyo. Ba ya miƙa masa shadda ran farko ya ce ɗinka babbar riga, ba ya kuma cewa ya zauna ya yi ta kallo har ɗinki ya shige shi. Takardar siminti yake ba shi, ya koyi taka keke da miƙe layi, sannan ya koyi sa zare, sannan aljihu, sannan wuya. Kowane mataki sai ubangidan ya duba da idonsa kafin a wuce. Matakan karatu ma a jere suke haka. Da farko yaro ya iya jin cewa kalma guntaye gare ta, cewa "tasa" da "masa" ƙarshensu ɗaya, farkonsu ne ya bambanta. Wannan aikin kunne ne, ba ya bukatar ko alli. Sannan ya san sautin kowane harafi, ba sunansa kawai ba. Sannan ya iya haɗa baƙi da wasali su ba da gaɓa, ya haɗa gaɓoɓi su ba da kalma. Sannan ya yi ta maimaitawa har haɗin ya daina ba shi wahala, domin yaron da ke kokawa da kowane harafi kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Sai hankalinsa ya huta daga aikin haɗa baƙi ne yake samun sararin tunanin abin da labarin ke cewa.

Ƙasashen da suka fi mu kuɗi sun yi shekaru suna gardama a kan wannan. A Amurka da Ingila an daɗe ana koya wa yara su gane kalma da siffarta gaba ɗaya, ko su cinka daga hoton da ke gefe. Wani kwamiti da majalisar Amurka ta sa aka kafa ya fitar da rahoto a 2000, wani kuma a Ingila a 2006, duka suka tsaya a kan cewa koyar da sautin haruffa a jere, a fili, shi ya fi fitar da yara, musamman 'ya'yan talakawa. Daga 2012 Ingila ta mayar da shi doka a gwada kowane yaro mai shekara shida a kan haɗa sauti.

Abin da makarantar allo ta riga ta sani

Ba sai mun je Ingila ba kafin mu ga wannan tsari. Yaron Liman Abaji da ke fita boko da safe yawanci yana da wata makarantar da yamma ko da asuba, kuma a can ba a tsallake mataki. Ana fara masa da babbaƙu, haruffa tsirara ba wasali, kowanne da sunan da aka laƙaba masa da Hausa don ya zauna a ka. Sai ya ƙware a nan ake kai shi farfaru, inda ake ɗora wasali a kan baƙi ya ji yadda sautin ke juyawa. Sannan ya shiga haɗa baƙi, sannan a bar shi ya rubuta allonsa da hannunsa. Abu mafi muhimmanci a tsarin shi ne biyawa. Malam ba ya yarda da hayaniyar taro a matsayin shaida. Kowane almajiri sai ya zo gabansa shi kaɗai ya biya allonsa, in ya kawo daidai a ce ya wanke, in bai kawo ba ya koma. A tsangaya ɗaya za ka tarar da yara talatin kowa da inda yake, ba wanda aka ja gaba don shekara ta zagayo.

Za a ce, ai makarantar allo ma tana fitar da mai karanta Larabci bai san ma'ana ba. Gaskiya ne, kuma malaman allo ba su taɓa ɓoye wannan ba: manufar matakin farko ita ce tilawa da hadda, ma'ana tana zuwa daga baya a karatun littattafai da tafsiri. Sai dai wannan ƙorafi yana ƙarfafa hujjata ne. Makarantar allo ta nuna cewa bin matakai yana sa yaro ya iya furta abin da ke rubuce ko da harshen baƙo ne gare shi. Ta kuma nuna cewa furtawa kaɗai ba ta kawo fahimta in ba ka jin harshen. Firamare tana bukatar duka biyun, furtawa da fahimta, kuma a yanzu ta saki na farko ba ta kama na biyu ba. Hanyar samun su tare ita ce a bi matakan a harshen da yaro ya riga ya iya.

Sauƙin rubutun Hausa

A nan mai jin Hausa ya yi sa'a. Rubutun boko na Hausa sabo ne, tsara shi aka yi da gangan. Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912. Rupert East da abokan aikinsa a Hukumar Talifi ta Zariya suka gyara su a shekarun 1930, lokacin da aka shigo da haruffa masu lanƙwasa. Sakamakon shi ne rubutun da kusan kowane harafi ke da sauti ɗaya tak. Wasula biyar ne. In aka haɗa baƙaƙe, har da masu goyo irin su sh, ts, kw da gy, duka abin da yaro zai koya bai kai 40 ba. Gaɓar Hausa kuma ba ta da rikici: baƙi da wasali, wani lokaci da baƙi ɗaya a ƙarshe. Malamin da ke koyar da harafi biyu a mako zai gama da su kafin zango na biyu ya ƙare.

Ba ma sai an jira an gama ba. Da haruffa biyar kawai, a, i, m, n da k, yaro zai karanta mama, nama, kaka, kama, mana, nan. Zai karanta "Ina Mama?" ya karanta amsar, "Mama na nan." A mako na uku ko na huɗu da shiga makaranta ke nan, ya karanta jimlar da ba wanda ya biya masa, ya kuma san abin da take nufi. Duk malamin da ya ga fuskar yaro a wannan lokaci ya san cewa an wuce wurin. Yaron ya gane cewa alamomin nan magana ce, kuma shi ma yana iya buɗe ta.

Turanci kuwa haruffa 26 gare shi, sautuka kusan 44, kuma harafi ɗaya na iya juyawa sau uku ko huɗu. Binciken da aka yi a ƙasashen Turai a farkon wannan ƙarni ya nuna cewa yaran Finland, Italiya da Girka, waɗanda rubutunsu ke bin sauti kamar namu, suna iya haɗa kalma kafin ƙarshen shekarar farko, yaran da aka haifa cikin Turanci kuwa suna cin ninki biyu na wannan lokaci ko fiye. Ɗan Bature ke nan, wanda ya sha harshen a nono. Mu kuma muna ɗora wa ɗan shekara shida kaya biyu a lokaci guda: ya koyi sirrin rubutu, ya koye shi a rubutu mafi rikici, cikin harshen da bai san kalma hamsin a cikinsa ba.

Rubutun Hausa ma yana da nasa tarko, bai kamata a ɓoye ba. Ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka gari na zama da gari na tuwo siffarsu ɗaya. Amma mai jin harshen jimla ce ke raba masa gardama, kuma wannan ma wani dalili ne na fara karatu da harshen da ake ji.

To, Turanci fa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, kuma uban da ke yin ta ba jahili ba ne. Keffi ba ta wuce tafiyar kilomita hamsin da ɗoriya daga Abuja ba. Kowace asuba motoci na ɗibar mutane su bi ta Masaka da Mararaba zuwa ofisoshi da shaguna inda Turanci ne kuɗin shiga. Jarrabawar shiga sakandare da Turanci ake yi, haka WAEC da NECO da JAMB. Uban da ya ce, "Malam, Hausa ai a gida ya iya ta, Turanci na kawo shi ya koya," yana lissafin gobe ne. Shi ya sa makarantun kuɗi ke tallata cewa ba a Hausa a harabarsu, iyaye kuma suna matse bakin aljihu su kai.

Amsar ita ce ba zaɓi ake yi tsakanin Hausa da Turanci ba. Maganar wanne za a fara da shi ce. Sirrin karatu sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa. Yaron da ya gane a Hausa cewa harafi sauti ne, cewa ana bi daga hagu zuwa dama, cewa tazara na raba kalmomi, ba zai sake koyon wannan ba in ya zo Turanci. Haruffan ma su ne dai. B, d, m, n, s, t da wasu da yawa sautinsu kusan ɗaya ne a harsunan biyu. Abin da ya rage masa shi ne kalmomin Turanci da rikicin wasulansa. Kuma ba wanda ya ce a jinkirta Turanci. Tun aji ɗaya a koyar da shi da baki, gaisuwa, sunayen abubuwa, tambaya da amsa, ta yadda ranar da yaro zai ga kalmar a rubuce ya riga ya san ta a kunne.

An gwada wannan a ƙasar nan. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani shiri inda aka koyar da wasu yara dukan darussan firamare da Yarabanci shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Masu suka sun ce ai an ba waɗannan yara ƙwararrun malaman Turanci da sababbin littattafai, kuma haka ne. Abin da wannan ke koya mana shi ne harshen gida ba ya aiki shi kaɗai sai da malami da littafi. A Nijar ma tun 1973 aka buɗe makarantun gwaji masu fara karatu da Hausa kafin Faransanci. A Arewa kuwa shirin Mu Karanta ya shiga ajin farko zuwa na uku a Sakkwato da Bauchi bayan 2015, shirin RANA kuma a Katsina da Zamfara, dukansu a kan wannan tsari.

Gwamnatin tarayya ta yi ta kai da komo a kan batun. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta tanadi a fara da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, bugun 2004 ya ce shekara uku na farko. A Nuwamba 2022 minista Adamu Adamu ya sanar da an mayar da shi shekara shida. A Nuwamba 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, yana kafa hujja da yawan faɗuwa jarrabawa a yankunan da ake amfani da harshen gida. Hujjar ba ta gamsar da ni ba. Waɗanda suka zauna WAEC a 2025 sun bar firamare tun kafin a yi dokar 2022. Abin da ake kira koyarwa da Hausa a yawancin azuzuwanmu kuma ba shi ba ne: allo da Turanci, littafi da Turanci, malam yana fassarawa da baki, yaro bai koyi karanta ko ɗaya ba. Duk da haka, ko a ƙarƙashin sabon umarnin, harshen gida yana nan a manhaja a matsayin darasi, kuma hedimasta mai kishi zai iya mayar da wannan lokaci na koyon haɗa baƙi na gaske.

Keffi ba Kano ba ce

Akwai ƙorafi na biyu da ya kamata a saurara da kyau. Tun da Abdu Zanga ya kafa garin wajen shekarar 1800, Keffi mahaɗa ce. A aji ɗaya za a samu ɗan Fulani da Bahaushe, ɗan Gwandara, Gbagyi, Yeskwa, Eggon, Mada, Afo, da 'ya'yan Tibi, Ibo da Yarabawa da aiki ko kasuwa ta kawo iyayensu. Wani uban zai ce, da haƙƙinsa, me ya sa za a koya wa ɗana karatu da harshen da ba na kakanninsa ba, alhali namu yana ɓacewa? Wannan damuwa ta gaskiya ce, kuma tarihin yankin ya sa ba a raba maganar harshe da maganar sarauta da addini.

Ma'aunin da nake ganin ya dace ba ƙabilar yaro ba ce, kunnensa ne. Wane harshe yake wasa da shi a layi, da wanne yake faɗa, da wanne yake sayen ƙosai? A tsakiyar gari kamar Liman Abaji amsar ga mafi yawan yara Hausa ce, ko mene ne harshen da ake yi da kaka a ɗaki. A ƙauyen da yara ke tashi da Eggon ko Gbagyi, da shi ya kamata a fara, kuma aikin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da Kwalejin Ilimi ta Akwanga ne su samar da littattafan. A unguwannin ma'aikata inda yara suka fi jin Turancin buroka, farawa da Turanci na iya fi dacewa, muddin an bi sautukan a jere. Wannan shawara ce da za a yanke makaranta-makaranta tare da iyaye, ba daga Lafiya ko Abuja ba.

Malami kuma ya lura da irin Hausar da ke bakin ɗalibinsa. Yara da yawa a wannan yanki ba sa bambanta k da ƙ, ko d da ɗ, a furuci. Yaron da ya rubuta baki yana nufin baƙi ba daƙiƙi ba ne, abin da ya ji ya rubuta, wanda ke nuna ma ya kama hanya. A ba haruffa masu lanƙwasa ƙarin lokaci, a bar bulala.

Rubutu ba kwafa ba ne

Rubutu da karatu tare suke tafiya, amma rubutun da ke gina karatu shi ne wanda ya fito daga kunne. Ranar da aka koyi harafi, a ranar za a rubuta shi, a iska da yatsa, a ƙasa da tsinke, sannan a takarda. Bayan haka sai shifta: malam ya faɗi kalmar da ba ta kan allo, yaro ya tsinka ta a ransa ya nemo haruffan. Minti biyar na shifta ya fi shafi uku na kwafa, domin a nan ne malam ke ganin ainihin abin da ya zauna. Daga aji biyu a bar yaro ya rubuta nasa: abin da ya ci jiya, sunayen ƙannensa, abin da ya gani ranar hawan salla a ƙofar fada. Zai yi kuskure wajen raba kalma, zai rubuta "ya na" a maimakon "yana", kamar yadda manya ke yi a Facebook kullum. A gyara ɗaya a bar sauran zuwa gobe. Takardar da aka cika da jan biro tana koya wa yaro cewa shiru ya fi.

Malam ɗaya, yara tamanin

Saura ƙorafin malamai, wanda shi ne ya fi ciwo: duk wannan daidai ne a takarda, amma ka taɓa tsayawa gaban yara tamanin, rabi a ƙasa, ba littafi, albashi kuma bai isa ba? Ba na raina wannan. Tun shirin UPE na 1976 da na UBE na 1999 muke cika azuzuwa fiye da yadda muke horar da masu koyarwa. Yawancin masu NCE an koya musu darasi ne, Turanci ko ilimin zaman jama'a, ba a taɓa nuna musu yadda ake ɗaukar ɗan shekara shida daga jahilci zuwa haɗa baƙi ba. Lokacin da Jihar Kaduna ta gwada malamanta a 2017, sama da 21,000 suka faɗi, aka sallame su. Amma sallama ba ta koya wa wanda ya maye gurbin yadda ake wannan aiki.

Duk da haka, abin da ake bukata bai fi ƙarfin makarantar talaka ba. Minti arba'in kowace safiya, ba fashi. Alli, da katunan haruffa da aka yanka daga kwali. A sa malamin da ya fi kowa haƙuri da ƙwarewa a aji ɗaya, maimakon al'adar tura sabon zuwa can a ajiye gwani a aji shida. Sannan a dawo da biyawa: kullum yara goma su karanta wa malam layi biyu, kowa shi kaɗai, kafin kwana takwas na makaranta an zagaye aji. Ga waɗanda suka riga suka kai aji huɗu ko biyar a makance kuwa, akwai hanyar da ƙungiyar Pratham ta fito da ita a Indiya, aka kuma gwada a Wudil da Dawakin Tofa a Jihar Kano daga 2019. Ana gwada kowane yaro a ga inda ya tsaya, ko harafi, ko kalma, ko sakin layi, ko labari, sai a raba su bisa matakinsu na awa ɗaya ko biyu a rana, ba bisa ajinsu ba. Uba ma zai iya yin wannan gwaji a zaurensa yau da daddare: ya rubuta haruffa biyar, kalmomi biyar da jimla biyu da ba na littafin makaranta ba, ya miƙa wa yaron, ya saurara.

Yaron da ya iya haɗa baƙi bai gama ba, domin karatu ba ya kauri sai da abin karantawa. Waɗanda suka yi firamare a da suna tuna Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, daga nan su tsallaka zuwa Magana Jari Ce ta Abubakar Imam. Babi na gaba zai duba abin da ɗan aji uku a Keffi ke samu ya karanta a yau, inda littattafan yara suka maƙale tsakanin mawallafi da aji, da yadda unguwa za ta iya tara nata.